Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Mata, Rawar Zamani da Kasuwar Kallo

Ina godiya da kuka rufe rumfuna da ofisoshi kuka zo sauraren batun da na tabbata wasunku sun yi murmushi da suka ji shi. Za su ce, duk matsalolin da suka dabaibaye duniya, sai maganar rawa? To, ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci. Batun nan, in aka tuɓe masa ado, magana ce ta ƙwadago da ciniki da iko, abubuwa uku da babu wanda ya fi ku saninsu a cikin ɗakin nan.

Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan kura a bakin kasuwa ya san cewa idon jama'a yana kan dabbar, amma sarƙa da takunkumi da jakar kuɗi suna hannun wani. A kan wannan karin magana zan ɗora jawabina. Idan mace ta hau dandali, jama'a suka zuba mata ido, shin ita ce mai wasan, ko kuwa da ita ake wasan? Wannan tambaya ta hana masu fafitikar ƴancin mata barci a Turai da Amurka fiye da shekara 60, kuma ƴan rawa mata na Afirka sun shigo cikin muhawarar da tasu amsa.

Kafin in yi nisa, bari in fayyace kalmomi uku. Rawar zamani da nake nufi daban take da rawar biki ko ta gargajiya, wadda kowa ya gada kuma kowa ke shiga. Rawa ce da mutum guda ke zama ya tsara, kamar yadda marubuci ke tsara littafi, sa'an nan a nuna ta ga mutanen da suka sayi tikiti. Na biyu shi ne abin da zan kira wasan jiki, inda mai fasaha ke ajiye fenti da alli, ya mai da jikinsa da abin da ke faruwa da shi a gaban jama'a ya zama shi ne aikin. Na uku shi ne kallo. A shekarar 1967 wani marubucin Faransa, Guy Debord, ya fitar da littafi a kan al'ummar kallo, inda ya nuna cewa a duniyar jari-hujja kowane abu na rayuwa yana komawa hoto abin sayarwa, mutane kuma su koma ƴan kallon rayuwarsu. A 1975 wata malama ƴar Ingila, Laura Mulvey, ta ƙara da cewa a sinimar Amurka an raba aiki: namiji ne mai kallo, mace ce abin kallo. Da waɗannan ma'anoni zan yi amfani.

Labarin ya girmi waɗannan littattafai. A 1810 aka kai wata mace daga Afirka ta Kudu, Sarah Baartman, birnin Landan, aka riƙa nuna jikinta ga masu biyan kuɗi. Masu yaƙi da bauta suka kai ƙara kotu a wannan shekara. Ku lura da abin da ya faru, domin ƴan kasuwa za su gane shi nan take: masu nuna ta suka fito da takardar yarjejeniya wadda ta yi mata alkawarin rabo daga cikin riba, aka tambaye ta, ta ce da yardarta take yi, kotu ta kori ƙarar. Mace ce baƙuwa, nesa da gida, a hannun mutanen da ke riƙe da cinta da kwananta. Ta mutu a Paris a 1815. Masanin halittu Georges Cuvier ya yanka gawarta, aka ajiye ƙasusuwanta a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970. Sai a 2002, bayan roƙon da Nelson Mandela ya fara, Faransa ta mai da ita gida aka binne ta. Darasin farko ke nan: sa hannu a takarda bai isa shaidar ƴanci ba, muddin wanda ya sa hannun ba shi da ikon cewa a'a.

Bayan shekara 110 da mutuwarta, a 1925, wata baƙar fata ƴar Amurka, Josephine Baker, ta sauka a Paris tana da shekara 19. A 1926 ta yi rawar da ta sa sunanta ya cika duniya, da ɗamarar ayaba a ƙugu. Abin da Turawan zamanin mulkin mallaka ke son gani ke nan, wato Afirkar da suka ƙaga a cikin kawunansu, ita kuwa ta sayar musu da shi da tsada. Da kuɗin da sunan ta zama mai kanta, ta taimaka wa masu yaƙi da mamayar Jamus a yaƙin duniya na biyu, ta yi jawabi a babban gangamin neman haƙƙin baƙar fata a Washinton a 1963, kuma a 2021 ta zama baƙar mace ta farko da aka karrama a Pantewon, makwancin manyan mutanen Faransa. Har yau ana gardama a kanta. Wasu sun ce ta yi wa masu kallonta dariya ne ta kwashe kuɗinsu. Wasu sun ce ko da ta ci riba, hajar da ta sayar ta ƙara wa raini ƙarfi, kuma sauran matan baƙar fata ne suka biya bashin. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiya, kuma daga wannan tsaka mai wuya ne matan da suka biyo baya suka nemi mafita.

Mafita ta farko ita ce a hana idon abincinsa. A farkon shekarun 1960 wasu matasa suka riƙa taruwa a wani coci mai suna Judson a birnin Niyok suna gwada sabuwar rawa. Cikinsu akwai Yvonne Rainer, wadda a 1965 ta rubuta wata gajeruwar sanarwa da ta yi watsi da burgewa, da nuna gwaninta, da ƙyalƙyali, da yaudarar mai kallo. A 1966 ta tsara rawar da ta raɗa wa suna Trio A, wadda ba ta cika minti biyar ba. Mai rawa yana sanye da kayan yau da kullum. Babu wani wuri da rawar ke tashi ta kai ƙololuwa don a tafa, motsi yana bin motsi da nauyi ɗaya, kamar mai aikin gida. Abin da ya fi muhimmanci, mai rawa ba ya haɗa ido da masu kallo ko sau ɗaya: in jiki ya fuskanci jama'a, sai kai ya kau ko ido ya rufe. Namiji da mace motsi ɗaya suke yi, kuma an koya wa waɗanda ba su taɓa rawa ba. Saƙon Rainer shi ne, jikin mace a dandali jiki ne mai aiki, mai nauyi da ƙashi da gumi, kuma ba dole ba ne ya yi wa kowa fara'a.

Mafita ta biyu ta bi akasin wannan hanya: a ba idon duk abin da yake so, har ya ji kunyar kansa. A 1964, a birnin Kiyoto na Japan, Yoko Ono ta zauna a dandali ta ajiye almakashi a gabanta, ta gayyaci jama'a su zo ɗaya bayan ɗaya su yanki tufarta. Ba ta motsa ba, ba ta yi magana ba. Ta sake yi a Niyok a 1965, kuma hoton da aka ɗauka ya nuna yadda masu zuwa da farko ke yankar ɗan ƙyalle cikin nauyi, har aka kai ga wani saurayi da ya shiga yanka da zaƙewa. Bayan shekara goma da wasan farko, a 1974, a birnin Napoli na Italiya, Marina Abramovic, haifaffiyar Belgirad, ta kai abin maƙura. Ta jera abubuwa 72 a kan tebur, akwai fure da zuma da gashin tsuntsu, akwai kuma wuƙa da almakashi da bindiga da harsashi guda. Ta rubuta cewa kowa na iya yin abin da ya ga dama da ita na tsawon awa shida, alhakin yana wuyanta. Da farko aka riƙa ba ta fure. Kafin lokacin ya cika an yayyage tufarta, an yanke ta a wuya, wani ya ɗura harsashi ya sa mata bindigar a hannu ya nufi wuyanta da ita, sai da wasu daga cikin masu kallo suka shiga tsakani. Da lokaci ya cika ta fara tafiya zuwa wajensu, sai suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita.

Na ga fuskokin wasu iyayena sun canza, kuma na fahimta. Ban zo in ce ku yaba wa waɗannan wasanni ba, ni ma akwai abin da ba zan iya zama in kalla ba. Abin da nake so ku gani shi ne wanda aka tona wa asiri a wannan dare. Mutanen da suka yi wannan aika-aika ba ƴan daba ba ne, mutane ne da suka zo kallo. Abu ɗaya aka gaya musu, cewa babu hukunci, kuma matar ba za ta ce uffan ba. Cikin awa shida kallo ya koma taɓawa, taɓawa ta koma cuta. Ita kanta Abramovic ta sha faɗin cewa ba ta ɗauki kanta ƴar fafitikar mata ba, amma masu fafitikar sun ga hujjarsu ƙarara a cikin aikinta.

A Jamus ma, Pina Bausch, wadda ta karɓi ragamar ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal a 1973, ta nuna irin wannan a cikin rawa. A wasanta Kontakthof na 1978 akwai wurin da maza da yawa ke kewaye mace guda suna mata abin da ya yi kama da lallashi, wannan ya shafa kumatu, wancan ya ja hanci, wani ya taɓa gashi, suna maimaitawa har lallashin ya zama azaba, ita kuwa tana tsaye kamar gunki. Masu suka suka ce Bausch tana sayar da wahalar mata ne da sunan fasaha. Magoya bayanta suka ce madubi ta ɗaga. Wannan saɓani bai mutu da mutuwarta a 2009 ba.

Jama'a, a nan gizo ke saƙa. Kasuwar kallo tana da babban ciki, har wanda ya zo zaginta tana iya haɗiyewa ta mai da shi haja. A 2010 babban gidan fasahar zamani na Niyok ya shirya wa Abramovic baje-koli, inda ta zauna a kujera fiye da awa 700 cikin kusan wata uku, mutane suna bin layi su zauna gabanta a kalli juna. Matar da a da ake ganin ta a ƙananan ɗakuna ta zama tauraruwar duniya. A watan Nuwamba na 2011 gidan fasahar zamani na Los Anjelas ya ba ta tsara liyafar tara kuɗi ta attajirai, inda kujera mafi arha ta kai dala 2,500. Abin da ta tsara shi ne a huda tebura, matasa ƴan wasa su durƙusa a ƙarƙashi, kawunansu su fito ta tsakiya suna juyawa a hankali alhali baƙi na cin abinci, wasu mata kuma su kwanta tsirara ƙarƙashin kwarangwal na roba. Wata ƴar rawa, Sara Wookey, wadda ta je gwaji ta kuma ƙi aikin, ta bayyana a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa ladan dala 150 ne, kuma an ce musu kada su motsa ko su yi magana komai aka yi musu. Wadda ta rubuta wa shugaban gidan takardar ƙorafi, tana kiran abin ci da gumin matasa, ita ce Yvonne Rainer, tana da shekara 76 a lokacin.

Don adalci, wasu daga cikin ƴan wasan sun ce da son ransu suka yi, kuma sun ji daɗin aikin. Amma ku auna wasan Napoli da liyafar Los Anjelas a kan sikeli ɗaya. A 1974 jikin nata ne, dokar tata ce, ita ta yanke awa shida, kuma sunan da aka samu nata ne. A 2011 jikin na wasu ne, masu neman abin biyan haya da ɗan suna, dokar shiru kuwa an ɗora musu ita. Siffar wasan kusan ɗaya ce, sarƙar ce ta canza hannu. Kasancewar gardin mace bai rage wa kura bugu ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga ƙungiyar ƙwadago ya san wannan lissafi.

Yanzu bari mu dawo nahiyarmu, domin a nan ne na ga amsa ta uku, wadda ta fi gamsar da ni. Germaine Acogny, an haife ta a Binin a 1944, ta tashi a Senegal. Ta buɗe ɗakin koyar da rawa a Dakar a 1968. Daga 1977 zuwa 1982 ta shugabanci makarantar Mudra Afrique, wadda shugaba Senghor da mai tsara rawa Maurice Béjart suka kafa. Da makarantar ta rufe, ba ta tsaya jiran wani ya sake buɗe mata ƙofa ba. Ita da mijinta Helmut Vogt suka kafa tasu, École des Sables, wato makarantar rairayi, a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, kudu da Dakar, inda aka fara horo a 1998. Ta tsara hanyar koyarwa mai ɗauke da sunanta, wadda ta ginu a kan motsin ƙashin baya. A 2004 ta tsara wasan Fagaala a kan kisan kiyashin Ruwanda, kuma ƴan rawar duk maza ne, mace ce ke ba su umarni. A 2021 birnin Banis ya ba ta kyautar Zakin Zinariya ta rawa. A wannan shekarar kuma aka fara nuna wata shahararriyar rawar Pina Bausch ta 1975, mai labarin budurwar da ake zaɓa ta yi rawa har ta mutu don sadaukarwa, da ƴan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da goma, waɗanda aka horar a makarantarta. A dare ɗaya da wannan wasa, Acogny da Malou Airaudo, tsohuwar ƴar rawar Bausch, dukansu sun haura shekara 70, suka fito suka yi rawar mutum biyu. Kasuwar da ta saba sallamar ƴar rawa da zarar ƙuruciya ta wuce, ta sayi tikiti don kallon tsofaffi biyu.

A Abijan kuma, a 1997, Béatrice Kombé ta kafa ƙungiyar TchéTché, ta mata zalla, masu rawa mai ƙarfi da tsalle da faɗuwa irin wadda aka saba bar wa maza. Kombé ta rasu a 2007 da ƙuruciyarta, amma abokiyar aikinta Nadia Beugré ta ci gaba. A 2015 ta tsara wasan Legacy don tunawa da matan Kwaddibuwa da suka yi tattaki zuwa Grand-Bassam a watan Disamba na 1949, suna neman Turawan mulkin mallaka su saki ƴan siyasar da suka tsare. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. A ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka cika titunan Yamai saboda mace guda kacal aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, suka tilasta aka ƙara yawansu, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. A Bassam da Yamai an zuba wa mata ido, amma su suka zaɓi ranar, su suka zaɓi hanyar, su suka faɗi abin da ke tafe da su. Irin wannan tsayuwa Beugré ta so ta kai dandali.

Kada in bar ku da zaƙi zalla. Rawar zamani ta Afirka har yau ta dogara ƙwarai da kuɗi da dandalin Turai. Babbar gasar da ta fito da ƴan rawa da yawa na nahiyar, wadda aka fara a Luwanda a 1995, hukumomin al'adu na Faransa ne suka assasa ta. Ku ƴan kasuwa kun san cewa mai saye guda ɗaya shi ke yanka farashi, har ya faɗi irin hajar da za a kawo masa. Idan dandalin Paris ko Burusel ya fi son ganin macen Afirka cikin kuka da tsiraici, akwai haɗarin mai tsara rawa ta riƙa kawo abin da ke shiga. Nelisiwe Xaba ta Afirka ta Kudu ta mai da wannan matsala jigon aikinta, inda ta tsara wasanni a kan Sarah Baartman tana tambayar masu kallon Turai na yau abin da suka zo nema. Shekara 200 bayan Landan, tambayar tana nan da ranta.

To, mene ne ma'auni? Mutane da yawa suna auna wasa da yawan tufa: masu tsaurin ra'ayi su ce in ta rufe jiki an mutunta ta, masu sassaucin ra'ayi su ce in ta tuɓe ta sami ƴanci. Labaran da na kawo muku sun nuna cewa wannan mudu ba ya auna daidai. Ana iya cin gumin mace tana lulluɓe, ana iya cin guminta tana tsirara da sunan ci gaba. Tambayoyin da nake ganin sun fi amfani huɗu ne. Wa ya tsara wasan, kuma sunan wa za a rubuta? Nawa aka tara, nawa ya shiga hannun wadda ta yi gumin? Tana da ikon tsayawa ta ce ya isa, ba tare da ta rasa abincinta ba? Sa'an nan, in ƙuruciya ta wuce, akwai makaranta ko ƙungiya ko sana'a da za ta riƙe? Rainer ta amsa da kau da ido, Ono da Abramovic ta 1974 sun amsa da kunyata mai kallo, Acogny ta amsa da gini, ta mallaki filin da ake rawar. Biyun farko kasuwa ta iya haɗiye su. Na ukun ya fi wuyar haɗiya, domin mai fili ba a korar sa daga wasa.

Saura mu masu kallo, domin babu wasan kura in babu taro. Duk lokacin da muka zauna gaban dandali, ko allon talabijin, ko wayar hannu, muka ga mace tana rawa, kuɗinmu da tafinmu da lokacinmu suna tafiya aljihun wani. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da nake roƙo shi ne, bayan mun kalli mai rawa, mu ɗan waiwaya mu nemi wanda ke riƙe da sarƙa da jaka. In ita ce, mu ba ta girmanta na mai sana'a. In wani ne, mu tambaye shi lissafi, kamar yadda za mu tambayi duk wanda ya ɗauki ƴar wani aiki.